Kadan Suwizalan ya ƙi shan kwana a Open Rails, a taimaka

Ɗan_Rusaifa, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙe a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Wata na biyar ke nan ina gina wani tsohon kan jirgin ƙasa mai lantarki a Blender, manhajar gina siffofin 3D, da niyyar in saka shi a Open Rails, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin ƙasa a kwamfuta. Aikina zanen gine-gine ne a wani ofishi, to in na tashi daga aiki na yi Isha'i sai in zauna a kansa zuwa ƙarfe ɗaya ko biyu. Jirgin shi ne Ce 6/8 II na ƙasar Suwizalan, wanda su da kansu suke kira Kada saboda dogon hancinsa gaba da baya. Guda 33 aka ƙera, daga 1919 zuwa 1922. Kamfanin SLM na Winterthur ya yi ƙarfen, Oerlikon ya yi kayan wutar. Don layin Gotthard aka yi shi, inda hawan dutse ke kaiwa mita 26 a kowace kilomita, bayan ƙarancin kwal na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tilasta musu komawa ga wutar da suke samu daga ruwan duwatsunsu. Abin da aka nema daga gare shi shi ne ya ja tan 430 ya hau wannan tudun da gudun kilomita 35 a awa.

Wanda bai san shi ba, jikinsa gida uku ne. Na tsakiya shi ke ɗauke da taransifoma da ɗakunan direba biyu da hannayen kama wuta a rufi. Hanci biyu kuma kowanne da injinan lantarki biyu a ciki, da aksul uku (ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu) na tayoyin ja, da ƙaramin aksul ɗaya a can baki. Ƙarfin injin ba kai tsaye yake zuwa taya ba, ta sandunan ƙarfe yake bi kamar jirgin kwal. Wannan sandunan su suka ja ni gare shi tun farko, su ne kuma yanzu suka hana ni barci.

A cikin Blender komai lafiya lau. Da na fitar da shi na ɗora a kan layi sai abin ya zama abin dariya. Tayoyi na juyawa da nasu gudun, sanduna na yin nasu, in ka zuba ido sai ka ga ƙusar da ya kamata ta riƙe sanda ta bar ta a baya, can kuma su sake haɗuwa su rabu. Da ya shiga kwana kuma sai duk jikin ya miƙe sambal kamar taɓarya, hancin gaba ya bar layin dogo yana shawagi a kan ciyawa. Ƙanena da ya gani sai da ya riƙe ciki, wai kada ya hango akuya a bakin hanya.

Akwai kuma wani abu da na kasa ganewa. Zanen da na samo ya ce tsawonsa mita 19.46. Na sa shi a bango na auna, daidai. Amma hotunan gefe da nake kwaikwayon sandunan daga gare su sun ƙi zama a kan zanen. In na daidaita hancin gaba sai na baya ya zarce, in na matse hoton sai tayoyi su koma kamar ƙwai. Na yi mako biyu ina zargin kyamarar masu ɗaukar hoton.

Laftof ɗina tsohuwa ce, ram 8, kuma da zafin Makka ko mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki sai na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Saboda haka kar a ce min in ƙara yawan ƙananan fuskokin da ake haɗa siffar da su, yanzu ma alwatika dubu 180 nake da su kuma tana nishi.

Wanda ya taɓa yin jirgi mai sanduna, ko na kwal ne, don Allah ya nuna min inda na kauce.

Sadiku_3D, Jidda

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, ka ɗauko dala ba gammo. Mutane da tarago suke farawa, akwati mai taya huɗu, kai ka fara da Kada.

Bari in fara da hotunan, don nan ne na fi tabbas. Je ka duba su yanzu. Sandar da ta fito daga injin, alwatika ce mai faɗi a kwance, ko doguwar sanda ce guda ɗaya da ta gangaro a karkace? Ina kyautata zaton ta biyun za ka gani. In haka ne, hotunan ƙaninsa kake kallo, wato Ce 6/8 III, wanda aka yi guda 18 a 1926 da 1927. Shi tsawonsa mita 20.06 ne. Santimita 60 ɗin nan su ka yi mako biyu kana nema, kyamarar bayin Allah ba ta da laifi. A intanet duk Kada ake ce musu, har da wani ƙarami na layin Rhaetian mai faɗin mita ɗaya da ba shi da alaƙa da naka. Ka riƙa duba lambar da ke jikin jirgin kafin ka ajiye hoto: naka daga 14251 zuwa 14283 ne. In ka ga lamba ta fara da 132, shi ne dai amma bayan an sake masa injina an ɗaga gudunsa daga 65 zuwa 75, aka koma kiransa Be 6/8 II. Ka zaɓi shekara ɗaya ka tsaya a kanta, har fenti, don da ruwan ƙasa suka fito kafin a mayar da su kore.

Maganar taya da sanda kuma, na san sunan da ka ba tayoyin ko ba ka faɗa ba: WHEELS11, WHEELS12, WHEELS13. Haka duk darussan jirgin dizal ke koyarwa. Matsalar ita ce duk tayar da ke da lamba biyu a sunanta, manhajar ce ke juya ta da kanta, ba ruwanta da motsin da ka shirya. Sandunan kuma suna bin firam ɗinka, wato matakan motsin da ka tsara a Blender. Ka ga direba biyu ke nan a mota ɗaya. Tayoyin ja ka mayar da su WHEELS1, WHEELS2, WHEELS3, ka yi musu motsin juyawa da hannunka a kan firam ɗaya da sandunan, su kuma ROD01, ROD02 haka. Ƙananan tayoyin baki su za ka bar wa lamba biyu. Wannan tsarin gado ne daga Microsoft Train Simulator na 2001, Open Rails ya ɗauke shi yadda yake don tsofaffin jirage su ci gaba da aiki.

Firam nawa ka yi wa zagaye ɗaya? In huɗu ne, sandarka murabba'i take zagawa ba da'ira ba, domin tsakanin firam da firam miƙaƙƙen layi manhajar ke ja. Yi 16, kowanne digiri 22.5, ido ba zai kama ba. Sannan ka buɗe fayil ɗin .eng mai bayanan jirgin, WheelRadius, wato rabin faɗin taya, sau biyu yake zuwa, ɗaya a sashen Wagon ɗaya a sashen Engine. Na Engine shi ne na tayar ja. Faɗin tayar milimita 1,350 ne, rabinsa za ka rubuta, 0.675m. Ni na taɓa sa faɗin gaba ɗaya, jirgi yana tsala gudu sanduna suna tafiyar hawainiya. Gwaji mai sauƙi: zagaye ɗaya na tayar mita 4.24 ne, to a gudun 35 ya kamata ka ga ta juya sau biyu da ɗan ɗori a daƙiƙa.

Kwana kuwa, ni dai abin da ya yi min aiki shi ne raba jirgin fayil uku, hanci, tsakiya, hanci, a ɗaure su da maɗauri irin Bar mara sassauci. Kowane yanki cibiyarsa ta zauna a tsakiyarsa daidai kan layin dogo. Na tsakiya ba shi da taya ko ɗaya a zahiri, a kan hancin biyu yake zaune, to sai ka sa masa bogie, wato mazaunin tayoyi, na ƙarya da ba a gani a daidai wuraren da ya dafa. Za ka sha wahalar daidaita tsawon kowanne, ka tanadi shayi.

Alwatika dubu 180 ba su yi yawa ba in ka yi masa matakan nesa, wato sauƙaƙan siffofin da ake nunawa in jirgin ya yi nisa. Ƙusoshin jiki dai kar ka gina su ɗaya-ɗaya, zana su a fenti.

Baba_Atbara, Madina

Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min, ni idon ya yi rauni, ita ta karanto min maganarku na ce sai na sa baki. Kwamfuta ban san ta ba, amma ƙarfen jirgi na sani. Mu mutanen Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu, kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni a Omdurman na yi ƙuruciya, na yi aikin fita, wato makanikin ƙarfe, a babban gareji na jirgin ƙasa a Atbara tun ina saurayi har furfura ta fito, sannan 'ya'ya suka ɗauko ni nan.

Yarona, ka sa hoton jirgin naka ta gaba, jikata ta faɗaɗa min shi har na gani. Tambaya ɗaya zan yi maka. In sandar dama tana can ƙasa, ta hagu tana ina? A hotonka ita ma tana ƙasa. To wannan jirgin ko an ƙera shi da ƙarfe ba zai tashi ba. Sanda turawa take yi da ja. Akwai wuri biyu a kowane zagaye da take miƙewa daidai da cibiyar taya, a nan ko duk ƙarfin duniya ka ba ta ba za ta juya komai ba, sai dai ta lanƙwashe. Shi ya sa ake gocar da ɓangare ɗaya da rubu'in zagaye, digiri 90. Lokacin da dama ta mutu, hagu na kan ganiyar ƙarfinta. Mu in aka cire taya daga aksul za a mayar, wannan rubu'in shi ne abin da babban fita ke tsayawa a kai da kansa, ba ya barin yaro. In ya kuskure ko kaɗan, jirgin zai fita yana ƙwanƙwasa kamar ana daka, kafin ya kai tashar Haiya bush, wato zoben da ƙusa ke juyawa a ciki, ya yi zafi ya narke. Na taɓa cin mari a kan wannan, ban manta ba, kuma mai marin ya yi gaskiya.

Ka duba kuma nauyin da ake zubawa a jikin taya, mai kamar jinjirin wata. Kishiyar ƙusa yake zama. In ka gocar da ƙusa ka bar shi a inda yake, duk wanda ya san aikin zai gane da kallo ɗaya.

Wannan gida uku da kuke faɗa bai zame min baƙo ba. Manyanmu a Atbara suna ba mu labarin Garratt, jirgin kwal mai tukunya a tsakiya da injin gaba da baya, guda goma aka kawo Sudan kafin yaƙin Hitila, daga baya aka sayar wa Rodeshiya. Ni ban riske su ba. Dabarar dai ɗaya ce, dogon jiki ba ya shan kwana sai an yi masa gaɓoɓi.

Yanzu ga tawa buƙatar. Kuna ta zuwa Turai neman tsohon jirgin lantarki, alhali mu ma mun yi. Turmai, wato jirgin dogo na cikin gari, na Khartum da Omdurman da lantarki yake tafiya tun 1928, yana haye gadar Farin Nilu, sai 1962 aka tsayar da shi. Na hau shi ina yaro. Mukan maƙale a matakala ba mu biya ba, in mai karɓar kuɗi ya taho mu dire ta ɗaya gefen. Da daddare in sandar sama ta goga waya sai ka ga tartsatsi shuɗi ya haska fuskokin mutane. Yau ba wanda zai nuna wa jikokina wannan, ga kuma halin da garin ya shiga tun 2023. In ka gama da kadan Turawa, ka yi mana turmai. Abin da na tuna na kujeru da matakala da inda direba ke tsayawa zan faɗa, ita ta rubuta. Allah ya yi maka albarka.

Ummu_Hanan, Riyad

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi na karanta naka sau biyu.

Ɗan_Rusaifa, ni tsokana zan fara da ita. Kana zaune a Rusaifa, tashar jirgin Haramain mai zuwa Madina tana bayan gidanku, jirgin Talgo mai gudun 300 yana wuce ka kullum tun 2018, ga na Masha'ir can tsakanin Mina da Arfa tun 2010, amma ka tsallake su duka ka tafi neman mai gudun 65. Ko da yake na gane, waɗannan sumul suke kamar sabulu, ba abin da ke motsi a waje da za a kalla.

Ba ka yi maganar sauti ba, kuma nan ne yawancin masu wannan aikin ke yin kasala, su ari kukan wani jirgin zamani su liƙa. Ni aikin haɗa sauti nake yi. In kana tunanin zuwa ka naɗi gurnanin taransifomar unguwarku, tsaya tukuna. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, taransifoma kuma ninki biyu na wutarta take gurnani, wato 120. A zamanin Kada layin Gotthard volt 15,000 ne a kan 16⅔ Hz, nasa gurnanin wajen 33 ke nan, can ƙasa, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Lasifikar laftof ba za ta fitar da shi ba sam, sai da abin kunne mai kyau. Kana iya naɗar ta unguwar ka rage mata gudu sau 3.6 a manhajar sauti ta Audacity, za ta sauka daidai wurin, sai ka bar 'yan muryoyin sama don masu ƙananan lasifika su ji wani abu.

Kuma ƙarfinsa ba a hankali yake hawa kamar na jiragen yanzu ba. Mataki-mataki ake ɗibar wuta daga taransifoma, kowane mataki da ƙarar sauyawarsa da ɗan fizga. Ka sa wannan a .eng da fayil ɗin sauti, in ba haka ba zai yi kama da Kada amma tuƙinsa na metiro ne. Ga fankokin sanyaya injin, su ne ma suka fi cika kunne in yana tsaye a tasha.

Ɗan_Rusaifa, Makka

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Kwana uku ban leƙo ba don ina can ina rusau.

Malam Sadiku, ka kama ni dumu-dumu. Hotuna 41 ne a jakar, 26 na ƙanin ne. Sandar da na kwashe wata guda ina gogewa, doguwar nan mai karkata, ba ta jirgina ba ce ko kaɗan. Na goge ta jiya, sai da na tashi na zaga ɗaki kafin na iya danna maɓallin. Yanzu ina gina alwatikar, kuma na ga ashe akwai wani aksul mara taya da take rataye a kai ta ɗaya ƙarshen, wanda da ban san da shi ba. Sunayen tayoyi na gyara, firam huɗu ne da ma kamar yadda ka ce, na mayar 16, ƙusa da sanda sun daina faɗa. Na raba shi uku, ya sha kwanar gwaji lafiya, sai dai in na ja birki da ƙarfi gidan tsakiya yana ɗan shigewa cikin hancin gaba kamar tafin hannu ɗaya. Ina jin tsawon da na rubuta wa yankunan ne bai cika ba, ko kuwa sassaucin maɗaurin ne? In kana da lambobin da ka yi amfani da su a naka, turo min in gwada.

Baba, ranka ya daɗe, ban san inda zan sa kaina ba don kunya. Gefe ɗaya na gina, na ce wa Blender ya yi min madubinsa a ɗaya gefen, shi ke nan na wuce. Wata biyar ina kallon jirgin nan ta kowace kusurwa ban gani ba, kai ka gani a hoto ɗaya ta wayar jikarka. Na gocar da hagu digiri 90 har da nauyin taya. Da na kunna shi a hankali ina kallo ta gaba, tafiyar ma ta canja, yanzu kafaɗa yake yi kamar mai rangaji.

Maganar turmai na karɓa, amma da sharaɗin za ka jure tambaya, don ni ban taɓa taka Sudan ba, iyayena daga Kano suka zo. Na fara neman tsofaffin hotuna. Abin da hoto ba zai ba ni ba shi ne launi, tunda duk baƙi da fari ne, da kuma cikinsa. Ina zuwa Madina ƙarshen wata in Allah ya yarda, a jirgin da Hajiya Ummu Hanan ke min gori a kansa. In ka ba ni izini zan zo in gaishe ka da laftof ɗin da takardar zane, ka tuƙa Kadan da hannunka, sannan mu zauna a kan turmai.

Hajiya, na riga na naɗi taransifomar bayan masallacinmu tun watan jiya, har mai shagon kusa ya fito yana tambayata ko lafiya. Na rage mata gudu yadda kika ce, a laftof shiru kamar ba komai, da na sa abin kunne sai da na cire shi na duba ko wata babbar mota ce ta tsaya a ƙofar gida. Ƙarar matakan ce ban san da me zan yi ta ba. Na gwada makunnin fitila, ta yi siriri da yawa.

Ummu_Hanan, Riyad

Gwada sakatar ƙofar ƙarfe, irin ta gareji, ka naɗa daga nesa kaɗan a cikin ɗaki mara labule. Turo min in ji kafin ka saka.

Baba_Atbara, Madina

Ka zo yarona, gida naka ne. Ka taho da abin kunnen nan ma in ji gurnanin. Jikata za ta tura maka kwatance ta saƙo, bayan La'asar na fi samun kaina.